Rabon da Baba Ya Bari a Kebbi

Har yau in na ji ƙanshin madacin da aka goge, sai in ga kaina a tashar motar Birnin Kebbi da rana tsaka, riƙe da jakar buhu, ina faɗa wa mutane abu ɗaya suna jin wani. Sunana Isuhu, daga wani ƙauye a gefen Dogon Dutsi, cikin Nijar. Hausarmu da ta Kabawa kusan ɗaya ce, muna da dangi a tsallaken iyaka, don haka da na shigo Najeriya ban ɗauki kaina baƙo ba. Kalma ɗaya ce ta mai da ni baƙo, kuma sai da ta ci mini rani guda.

Babana kafinta ne. Da rani yana Birnin Kebbi wurin aiki, da damina yana gida wurin gona. Abin nan da kafinta ke turawa a kan katako ya fere shi ya yi santsi, wanda a Najeriya ake kira filen, mu rabo muke ce masa. Faransawa ne suka tafi suka bar mana kalmar. Ɗaya rabon, na gado da na arziki, ni ma na san shi, wa bai sani ba? Amma a gidanmu in aka ce rabon Baba, abu ɗaya ake nufi: wani ɗan guntun itacen ƙirya mai ƙarfe a ciki, wanda tafin hannun Baba ya cinye gefensa har ya yi baƙi yana ƙyalli.

Ƙyauren ɗakin Inna na madaci ne, Baba ya yi shi shekarar da aka kawo ta. Duk damina sai ya sha danshi ya kumbura ya ƙi shiga ƙofarsa. Baba na isowa, kafin ma ya sha ruwa, zai cire shi ya kwantar a kan turmi, ya fito da rabo. Shuu, shuu. Ɓawon katako ya riƙa nannaɗowa yana faɗuwa, ni ina tsincewa ina sawa a yatsu kamar zobe. A kunnen mutanen gidanmu, wannan ƙarar ita ce sallamar Baba.

Wani rani ciwo ya kama shi a Birnin Kebbi, can aka yi masa sutura. Wani direba ɗan garinmu ya kawo kayan sawarsa da saƙonsa na ƙarshe: rabonsa yana wurin Ummaru, abokin aikinsa, in Isuhu ya kawo ƙarfi ya je ya amso, ya koyi aiki da shi. Daminar da ta biyo baya ƙyauren ya kumbura, ya karkace, bai sake rufuwa ba. Feshin ruwa ya shiga, kaji su shiga, mai wucewa ta tsakar gida ya hango gadonta. Kafintocin garinmu sun yi tayin gyara har sun gaji. "Rabon Malam kaɗai yas san ƙyauren ga," in ji Inna, don Malam take kiran Baba. Ta rataya tsohon zane a ƙofar ta ci gaba da zamanta. Shekaru suka tafi, idonta ya fara raguwa, tari ya riƙa kama ta duk lokacin sanyi. Abin da ya fito da ni ke nan.

Birnin Kebbi

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni daga tasha ya ji na kira mashin ɗinsa moto, sai ya waiwayo ya yi mini wani murmushi mai faɗi. Na ce kasuwar katako za ni. Muka bi nan muka bi can, har sau biyu na ga wani masallaci mai koren fenti, na ce a raina ashe Kabawa na son gina masallatai iri ɗaya. Sai bayan na zauna a garin na gane tafiyar ba ta wuce ta ƙafa ba.

Aka nuna mini rumfar da Baba ya yi aiki. Babu Malam Ummaru a ciki. Wani ƙaton injin tsaga katako ne ke ihu, a gefensa wani mutum mai tumbi yana latsa waya. Oga Sule ake ce masa, shi ya karɓi rumfar bayan rasuwar Baba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam Ummaru nika nema," na ce. "Ni ɗan Garba na. Na zaka amsar rabon babana."

Ya sauke wayar. Ya sa aka kashe injin. "Wa yac ce maka babanka na da rabo nan?"

"Shi da baki nai yab bar saƙo. Kowa gidanmu ya san da shi. Ni na sha ganin shi da idona, dut damina shina kai shi gida."

Oga Sule ya dube ni daga hula har silifa, ya dubi faɗin kafaɗuna. Ban san abin da ya auna ba a lokacin, yanzu na sani. Ya ce Malam Ummaru tafiya ya yi, yana nan dawowa. Ya ce kafin nan in zauna wurinsa in fara koyon aiki, shi zai kai ni gaban ƙungiyar kafintoci a karɓe ni. Na yi ta godiya har da hawaye.

Koyon da na yi wurinsa shi ne ɗaukar falanki daga mota zuwa inji, daga inji zuwa amalanke, da kwashe garin katako da kwando. Ban taɓa riƙe ko zarto ba. A rumfar babu kayan aikin hannu, komai inji ne, don haka ban ga ko rabo ɗaya ba balle in nuna in ce ga irin abin da nake nema. In na tambayi dawowar Malam Ummaru, sai ya ce mako mai zuwa. Kwana kuwa a kan falankan nake yi, tarin katakon malaina ya zama gadona.

Yaran kasuwa suka sa mini suna Mai Rabo. In na wuce da katako a ka sai in ji ana cewa, "Mai Rabo, in ka amsa a tuna da mu!" Ni kuma zuciya gare ni kamar tukunyar da aka cika wa wuta. Abin ya riƙa ba ni haushi: mene ne abin dariya don maraya ya zo neman kayan aikin ubansa? Sai na rufe bakina, na daina yi wa kowa bayani. Da na buɗe shi sau ɗaya na ce abu ne mai ƙarfe a ciki, da zance ya ƙare tun makon farko.

Ran Juma'a bayan masallaci nakan tafi gangaren Dukku in zauna ina kallon fadama. A garinmu ruwa a ƙasan rijiya yake, sai ka zura igiya mai tsawo ka roƙe shi ya fito. Nan kuwa ga shi kwance a fili, babu mai gadinsa, balbela na yawo a kansa. Nakan zauna har hankalina ya bar jikina ya tsallaka iyaka, ya shiga tsakar gidanmu, ya tarar da zanen ƙofar Inna iska na kaɗa shi. Kewa ta taɓa sa ni na bi wata tsohuwa mai tallan gyaɗa har ƙarshen layi, don kawai ɗaurin kallabinta irin na Inna ne.

Na je maƙabarta sau ɗaya. Mai gadin ya tambayi shekarar, ya nuna wani gefe da haɓarsa ya ce na lokacin can wajen suke. Na tsaya a gaban tudun ƙasa da yawa, ban san wanne ne nawa ba, sai na yi musu addu'a gaba ɗaya.

Wadda ta riƙe ni a garin nan Mama Rifkatu ce, mai sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwar. Kirista ce, mutuniyar Filato, ta tsufa a Birnin Kebbi tare da mijinta ma'aikacin asibiti. Ranar da ta ji ko ni ɗan waye, ta dafa ƙirji. "Kai ne yaron Garba Santi?" Ashe haka ake kiran Baba, don da ya zo da santimita yake awo, su kuwa a nan da inci suke yi. Tun daga ranar ba ta sake karɓar ko sisina ba. In na miƙa sai ta ce, "Mai da aljihu, yarona, kada in yi fushi."

Wata rana ina cin abinci a bencinta, hannuna ya zame ya shafi ƙasan bencin. Santsi na ji, sumul. Cokalin ya tsaya a hannuna. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke goge ƙasan benci inda ido ba ya kaiwa, wai don kada sartse ya soki yaron da ya rarrafa ƙarƙashi.

"Shi ya yi," in ji Mama Rifkatu, ba tare da na tambaya ba. "Shekara nawa ana zama a kai, ko motsi ba ya yi."

Na sunkuyar da kai a kan kwanon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ta bar ni sai da na gama, sannan ta zauna kusa da ni ta rage murya. "Sule ya kai ka gaban ƙungiya?" Na ce tukuna. Ta girgiza kai. Ta ce yaron da aka ɗauka koyo da gaske, ana kai shi gaban manyan kafintoci da goro da mai tsaya masa, a ji sunansa, ubangidansa ya faɗi da bakinsa abin da zai koya masa, in ya saɓa ƙungiya ta tuhume shi. Wanda ba a kai ba, ɗan dako ne kawai. "Maganar rabonka kuma ban sa baki ba, yarona, abin gado da nauyi. Amma ka je wurin Alhaji Bawa, shi ne shugabansu."

Alhaji Bawa mai yin kujerun falo ne a bakin babban titi, dattijo mai jan baki saboda goro. Na ba shi labari, na ƙare da cewa ni dai rabon babana nake so a ba ni. Ya daina tauna.

"Ummaru ba tahiya yay yi ba," ya ce. "Gida yak koma, Argungu, tun bayan rasuwar Garba. Shi ko Sule, ƙungiya na da magana da shi." Ya dube ni da kyau. "Amma ɗana, maganar rabo ba a yin ta tsaye. Ka riga mu zuwa. Ran Asabar za mu iske ka can da dattawa, a yi ta gaban shaidu."

Na yi mamakin yadda mutanen Najeriya ke girmama kayan aiki, har a tara dattawa a kan rabo ɗaya. Sai na ji sun ƙara burge ni.

Zauro

Aljihuna babu komai, don Oga Sule bai taɓa sallamata da abin kirki ba. Mama Rifkatu ce ta roƙi wani mai motar katako da zai tsaya Zauro, a kan hanyar Argungu, ta ƙulla mini abinci a leda, ta ce in na samu rabona kada in manta in zo ta gani. Daga Zauro kuma sai yadda ta yiwu.

Lokacin yankan shinkafar rani ne, zafi kamar a gasa mutum. Na sauka daga titi na gangara fadama don in nemi aikin da zai kai ni gaba. Ban taɓa ganin abinci da yawa haka a tsaye ba. Shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinariya har inda ido ya ƙare, injinan ban ruwa na ta ƙara daga nesa, mutane suna motsi a cikinta a hankali, ga kawunansu ba a ganin ƙafafunsu. Wani manomi ya ga ina tsaye baki buɗe, ya miƙo mini dami bai tambayi ko sunana ba. Muka yi ta bugun shinkafa a jikin duro har la'asar. Matarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, ya tura kwanon gabana ya ce shi ya ƙoshi, alhali na ga bai ci komai ba tun safe. Washegari ya ɗora ni a kan motar da za ta kai buhunansa Argungu.

A saman buhunan nan barci ya ɗauke ni da rana tsaka, iska na dukan fuskata. Na ga Baba tsaye a tsakiyar gulbi, ruwa iya gwiwarsa, yana tura rabo a kan ruwan. Ruwan na nannaɗowa fari fat yana faɗuwa gefe, inda ya goge kuma ya kwanta sumul. Na kira shi bai juyo ba, shi dama in yana aiki ba ya juyowa. Na farka da buhu ya yi mini zane a kumatu, ga ginin Argungu a gabana.

Argungu

Na kwana biyu a masallacin tasha, don kunya ta hana ni zuwa wurin Malam Ummaru kafin dattawa. Ran Asabar da hantsi Alhaji Bawa ya iso da wasu kafintoci biyu, muka gangara unguwar bakin gulbi.

Abin da na tarar ya ɗaure mini kai. An fito da duk kayan shagon waje, an kasa su gida biyu a ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro. Bencin aiki, zartuna, guduma, ƙaramin inji, falankai, gwangwanayen ƙusa, har da wani kwalekwale da ba a gama haɗawa ba. Yaran shagon na tsaye cirko-cirko. Daga zauren gida mata na leƙe. A tsakiya ga wani siririn dattijo da fensir a bayan kunne, yatsansa ɗaya guntu, idanunsa sun faɗa: Malam Ummaru ke nan. Da ya gan ni sai ya riƙe bakinsa. Ni ma na san dalili, an ce tafiyata ta Baba ce.

Aka yi addu'a, aka zauna. Malam Ummaru ya ce tun farkon rani Sule ya bugo masa waya cewa ɗan Garba ya zo neman rabon ubansa, kuma yana shirin kai shi gaban alƙali, kada ya kuskura ya zo Birnin Kebbi. Tun ranar bai yi barcin kirki ba.

"Ni da Garba ba mu taɓa cewa wanga naka wanga nawa ba," ya ce. "Kwano guda munka ci. Na yi kuskure da ban nemi iyali nai ba. Ba ni son in tashi gaban Allah da haƙƙin maraya. Ga shi na kasa biyu, shi zaɓa. In shagon ya mutu, ya mutu."

Ni ban fahimci rabin zancen ba, idona na kan kayan. Na tashi na zaga kashin farko, na ɗaga wannan na ɗaga wancan. Na zaga na biyu. Na leƙa cikin kwalekwalen.

"Ba shi nan," na ce.

Aka fara gunaguni. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mutum ya hiddo maka dut abin da yam mallaka."

Zuciyar nan tawa ta taso. Wahalar rani guda ta hau mini kai, na manta gaban manya nake. "Mi za ni yi da tarkacen ga? Rabon babana nika so! Kun ɓoye shi!" Na juya zan tafi, don hawaye na shirin kunyata ni. Juyawar da zan yi idona ya faɗa cikin shagon da aka kwashe. Babu komai a ciki sai abu ɗaya rataye a ƙusa a jikin bango.

Ban san lokacin da na shiga ba. Na ciro shi, yatsuna suka faɗa cikin gurbin da hannun Baba ya ci. Na fito da shi a ƙirji.

Malam Ummaru ya miƙe da sauri. "A'a, ɗana, don Allah. Wanga hilen ban sa shi cikin rabo ba. Ba shi da wani kuɗi. Shi kaɗai nika son in riƙe in tuna da shi."

"To ai shi na rabon!" na ce.

Alhaji Bawa ya cire goron daga bakinsa. "Ɗana, mi kuka ce ma hilen can garinku?"

"Rabo."

Wani yaron shago ne ya fara fashewa da dariya, sai ta kama kowa. Dattijon da ya ce in ji tsoron Allah ya yi ta buga cinya yana salati. Matan zaure suka ɗauka. Ni ina tsaye, rani guda yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya: kallon Oga Sule, tsokanar yaran kasuwa, nauyin gado da Mama Rifkatu ta ambata. Malam Ummaru kuwa ya zauna daɓas a kan falanki, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ce shekarun da suka yi tare bai taɓa jin Baba ya kira shi haka ba, filen yake cewa kamar kowa. Ashe Baba kan canja kalmominsa a bakin iyaka kamar yadda yake canja sefa da naira.

Da dariya ta lafa sai aka ga akwai sauran magana, don abu ɗaya ne mu biyu muke so. Na ba su labarin ƙyauren Inna, na ce gobe zan kama hanya. Malam Ummaru ya share fuska, ya jawo wani guntun katako ya ɗaure a benci. "Bisimilla. Goge muna mu gani."

Na tura da ƙarfina duka. Ƙarfen ya cije, ya yage katakon, ya bar rami kamar ɓera ya ci. Na sake, ya fi na farko muni.

"Haka za ka yi ma ƙyauren innarka?" ya tambaya a hankali.

Alhaji Bawa ne ya yanke. Ya ce al'adar ƙungiya ce ranar da aka yaye yaro, ubangidansa ya ba shi kayan aiki ɗaya daga hannunsa. Don haka rabo ya koma ƙusarsa, Ummaru ya ci gaba da kallonsa, ni kuma in zauna in koya, ranar yaye in amsa. Batun kason Baba a shagon kuma, ya ce a kai wa Inna ta faɗi ra'ayinta. Ya aika aka sayo goro a take, ya ce shi ne mai tsaya mini. Malam Ummaru ya faɗi da bakinsa gaban shaidu abin da zai koya mini. Muka mai da kayan shago ciki, kashi biyun suka koma ɗaya.

Da yamma aka ara mini waya na kira gida. Inna ta saurara har na gama. Game da shago ta ce a bar shi yadda Malam ya bar shi. Game da ƙyaure ta ce, "Ya jira wanga lokaci dut, shi ƙara. Kak ka dawo mini da hannun banza." Ta yi tari mai tsawo kafin ta kashe, tarin ya kwana a kunnena.

Watannin farko ban taɓa katako ba, wasa ƙarfe a dutse kawai nake yi, ina ɗiga ruwa ina gogawa, har sai ya aske gashin hannu. Sai zarto, sai awo. Na sha ranƙwashi a kan inci, har sunan Baba ya dawo kaina, aka koma kirana Ɗan Santi. Ƙungiya kan juya yara tsakanin shaguna don kowa ya samu abin da ubangidansa bai ƙware a kai ba. Na yi wata biyu wurin mai rufin kwano a Augie, inda muke hango gonakin albasa daga saman gini. Na koma Birnin Kebbi wurin Alhaji Bawa na koyi kujera, ina cin abinci a bencin Baba. Wurin Malam Ummaru kuma na koyi ƙyaure da kwalekwale, da sauraron katako. Yakan ce in rufe ido in shafa, in ji inda jijiyarsa ta nufa, in bi ta can kada in yi gardama da ita.

Shekarun nan a raina kamar yini ɗaya suke, mai tsawo, mai ƙanshin madaci da ɗanyen kifi. Gulbi ya cika ya janye, ya sake cika. Duk hadarin da ya haɗu a gabas, sai in ɗaga kai in dubi rabo a ƙusarsa, in ji tsoro ya kama ni kada in gama koyo babu wadda zan rufe wa ƙofa. In na je gida da salla nakan tarar idon Inna ya ƙara raguwa, sai ta shafa fuskata take gane ni. Nakan wuce ƙyauren ban dube shi ba.

Ranar yaye dattawa suka sa na haɗa ƙyaure a gabansu tun daga ɗanyen falanki. Alhaji Bawa ya zura hannu ya shafa ƙasansa, inda ido ba ya kaiwa, ya dubi Malam Ummaru ya gyaɗa kai. Mama Rifkatu ta zo tun daga Birnin Kebbi da tukunyar shinkafa, wai ta zo ganin rabon da aka yi ta wahala a kai. Malam Ummaru ya shiga shago ya daɗe, sannan ya fito da shi, ya goge shi da bakin rigarsa ya sa mini a hannu biyu. "Ga rabonka," ya ce. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ƙusar tana nan a bangon har yau, bai rataya mata komai ba.

Gida

Na isa da hantsi, bayan ruwan farko. Inna na cikin ɗaki a kan tabarma, ba ta san na zo ba, na kuma yi wa ƙannena alama su yi shiru. Ban sha ruwa ba. Na cire zanen, na kwance ƙyauren, na kwantar da shi a kan turmi. Na rufe ido na shafa gefensa, na ji sawun da Baba ya bari damina bayan damina. Na ɗora rabo inda ya tsaya.

Shuu. Ɓawon ya fito ja, dogo, bai tsinke ba. Shuu.

Daga cikin ɗaki na ji muryarta, wata murya da ban ji ba tun ina yaro, ta ce, "Malam, sannu da hanya."

Ban amsa ba, don ba ni aka gaisar ba. Na gama, na gyara karkacewar, na mai da shi mazauninsa. Ta taso tana lalube, ta kama hannuna ta shafa rabon, ta kama ƙyauren ta tura a hankali. Ya shiga ƙofarsa babu ko ƙara. Ta buɗe, ta sake turawa. Sannan ta koma ciki ta rufe shi, na ji ta sa sakata.

Tun rasuwar Baba ba ta samu inda za ta yi kukansa babu mai ganinta ba. Na zauna a kan turmin da rabo a cinyata, ina tsince ɓawon katako daga ƙasa, na jira har ta buɗe.